Ƙarar hanya ta ishe ni a cikin mota, me zan shimfiɗa?

Mai tambaya, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce 2008, kullum nake bin titin Kubwa zuwa cikin gari. Da na wuce gudun kilomita 80 sai gunji ya cika motar, ko rediyo ba na ji. Wani ya ce in manna takardar kwaltar da ake toshe yoyon kwano da ita, in ɗora soson katifa. Don Allah waɗanda suka sani su ba ni shawara.

Makanike, Apo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko sisi, gano inda ƙarar take fitowa. Taka totur motar tana tsaye: in gunjin ya tashi, salansa ce ko kujerar inji. In sai kana gudu yake zuwa, kuma yana canjawa idan ka karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Tayar da ta ci gefe ɗaya ma haka take kuka. Sannan ka rufe ƙofa a kan takarda ka ja. In ta zare salin-alin, robar ƙofar ta mutu. Waɗannan babu shimfiɗar da za ta yi maganinsu.

Mai aikin kujerun mota, Zuba:
Yallabai, ka rufa wa kanka asiri ka bar zancen kwalta. A zafin Maris na Abuja, motar da ta wuni a rana kwaltar laushi take yi, ta zame daga jikin ƙofa ta taru a ƙasa, warin kuwa ya kama kujeru ya ƙi fita. Soson katifa kuma ruwa yake sha. Damina ɗaya, sai tsatsa da warin ruma.

Nemi shimfiɗar roba ta butil mai fuskar alminiyam, kaurin milimita 2. Ka shinshina kafin ka biya: ta gaskiya ba ta warin titi, tana miƙewa kamar cingam. Cire murfin ƙofa, goge ƙarfen da sifirit har ya bushe, don gam ba ya kama ƙura da maiƙo. Yanka gunduwa-gunduwa ka manna a tsakiyar faffaɗan ƙarfe, ka murje da abin murzawa har zanen alminiyam ɗin ya kwanta. In iska ta maƙale a ƙasa, nan danshi zai taru. Ba sai ka rufe ko'ina ba, rabin ƙarfen ya wadatar. Murabba'in mita 3 zai yi maka ƙofofi huɗu. Ƙwanƙwasa da yatsa: da yana ƙara kamar gwangwani, yanzu za ka ji "dum".

Kada ka toshe ramukan da ke gindin ƙofa, ta nan ruwan gilashi yake fita.

Mai wayarin mota, Nyanya:
Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe. Butil karkarwar ƙarfe kawai take kashewa. Gunjin taya ta ƙasa yake shigowa, musamman but ɗin mota da kumburin da ke kan tayoyin baya. Can za ka ɗora soso mara shan ruwa, milimita 6 zuwa 10, a ƙarƙashin kafet. Tsoma guntunsa a ruwa ka matse. In ya zubo da ruwa, mayar wa mai shi. A ƙofa kada ya wuce milimita 6, in ba haka ba murfin ba zai koma ba, maƙallansa su karye. Kafin a cire kujerun gaba a zare kan batir, saboda wayoyin jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari, kuma kada a binne waya ko kan ƙusa a ƙarƙashin butil.