Kaset ɗin shirin ban tsoro da ba a taɓa haskawa ba: in kunna ko in bari?

Ɗan Edita: Salamu alaikum. A cikin kayan marigayi kawuna na tarar da kaset ɗin U-matic, irin wanda Sony ta fito da shi a 1971. Kashin gwaji ne na wani shirin ban tsoro da suka haɗa da ɗan abin hannunsu, tashar ta ƙi karɓa, kowa ya ɗauka ya ɓace. Gefen zaren ya yi farin fumfuna. Akwai wani mai na'urar. In kunna in gani, ko in miƙa wa masu gyara?

Mai Rimot: Ka samo bidiyon VHS ka jona da kwamfuta, magana ta ƙare.

Baba Tsohon Kamara: Yaro, U-matic ya ce. Ko bakin na'urarka ba zai shiga ba. Ɗan Edita, kada ka kunna. Ni wani mai gyara na kai wa nawa, kwafi ɗaya tak a duniya, ya ce ya san aikinsa. Yana dannawa zaren ya fara ƙugi, hoto ya ɗauke. Da ya buɗe, kan na'urar da ke karanta zaren duk baƙin danƙo. Gam ɗin da ke riƙe hoton ya sha danshi, ya saɓule. Ko haƙuri bai ba ni ba, wai kaset ɗin ne ya tsufa. Daraktan ya rasu bai sake ganin aikinsa ba.

Hajiya Majigi: Allah ya jiƙansa, Baba. Ai irin wannan sai an share fumfunar, an gasa zaren a zafin wajen digiri 54 na awanni, sannan a kwafe nan take. Ba tsada, nawa bai kai kuɗin faifan ajiya ba.

Baba Tsohon Kamara: Hajiya, na biyun da na kai wa ƙwararru sun caje ni fiye da abin da muka kashe a ɗaukar shirin.

Mai Rimot: Tasha ta ƙi shi, mai shi ya rasu, kaset ya yi furfura. Ni dai ko za ka kunna, ban da dare.

Hajiya Majigi: Wanda bai san U-matic ba ya yi mana shiru.

Mai Rimot: Wanda ya sani ɗin ma nasa ya saɓule.

Sarkin Duhu: Ni ba kwafewar ce damuwata ba. BBC ma ta sha goge kasa-kasanta, sai 1978 ta kafa tsarin adana su, ɓacewa ba sabon abu ba ne. Abin takaici masu zuba tsohon fim a manhajar AI. Su wanke duhun tas, dodon da ake tsoro saboda ba a ganinsa ya fito fili, ga zif a bayan rigarsa. Sannan su manna tambarinsu a tsakiyar allo a YouTube.

Ɗan Edita: To ni yanzu in kunna ko kuwa?

Sarkin Duhu: Tukuna, malam. Wa ke da haƙƙin mallakar shirin, kawunka ko tashar?