Saura kwana goma in gama cin rani a Antaktika: in koma baɗi ko in zauna Garwa?

Mai tambaya, ɗan Garwa ta Kamaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kuku ne, na daɗe ina aiki a Faransa. Tun watan Nuwamba nake mataimakin kuku a Konkodiya, tashar bincike ta Faransa da Italiya, can tsakiyar ƙanƙarar Antaktika. Tudun ya haura mita 3,200, shi ya sa ruwa ke tafasa tun bai kai digiri 90 ba. Ranar da na fara ɗora wake, har aka zauna cin abinci bai nuna ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Farkon Fabrairu za a kwashe mu 'yan cin rani, a bar mutum goma sha wani abu su yi wata tara ba shiga ba fita. Yanzu aikina ƙirgar kayan sito da wanke kicin. Babban kuku ya ce in ina so zai ba da sunana baɗi. Inna kuwa ta ce ba da yawunta ba, ƙasar da rana ba ta faɗuwa ba wurin zaman mutum ba ce, in dawo in buɗe gidan abinci in yi aure. Na ɗan tara abin da na tara, don nan babu inda za ka kashe ko dala. Ina mafita?

Hajiya mai gidan abinci, Marwa:
Ƙanena, iya girki daban, riƙe gidan abinci daban. Can tarakta ke jawo muku kaya daga bakin teku, tafiyar sama da kilomita 1,000, kai dai ka buɗe sito ka ɗauka. Ba ka taɓa cinikin tumatir lokacin tsadarsa ba. Ba a taɓa ɗauke maka wuta a watan Afrilu da kifin Lagdo cike da firiza ba. Ga 'yan “rubuta, gobe zan kawo”, rabinsu danginka ne. Kada ka kama haya. Ka zo ka yi wata biyu a bayan tukunyar wani, ko tawa, ka ga yadda kuɗi ke zurarewa. Mutanenmu kuma tuwo da miyar yakuwa suke nema, ba cukwin Italiya ba.

Tsohon direba, Kusiri:
Ɗana, ajiye maganar baɗi tukuna, ka gama ta bana. Wanda za ka bar wa kicin ɗin nan, in ka rubuta masa buhu goma alhali takwas ne, wane kanti zai je a watan Yuni, cikin duhu? Ka ƙirga da hannunka sau biyu, abin da ya kusa lalacewa ka jawo shi gaba. Takardar shaidar aiki kuma ka karɓe ta kafin ka taka jirgi. Sannan bakinka alaikum a kan abin da ka samu: yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kuma kowa a gidanku ya iya lissafi.

Malamin makaranta, Ngaundere:
Kada ka amsa wa maigidanka kafin ka zauna gaban mahaifiyarka. Tsoro ne ke damunta, waya ba ta cire shi. In ta gan ka da yatsunka goma cif, magana za ta canza. Yaya ma kake yi da salla?

Wani matashi, Njamena:
Yaya, daga sanyin digiri 30 ƙasa da sifili zuwa Garwa a watan Maris? Wallahi narkewa za ka yi kamar man shanu. Ka riƙo mana ƙanƙara ko buhu guda.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam, agogo nake bi, da lokutan Hobart, garin da jirgin ruwanmu ke tashi, kamar yadda wani malami ya nuna min tun kafin in taho. Hajiya, na karɓi tayinki, a ajiye min wuƙa. Baba, na sake ƙirgawa daren jiya: katan uku na man girki na rubuta sau biyu. Na gyara. Babban kuku kuma na ce ya ba ni zuwa bayan na ga Inna.