Musayar Waƙa: Rumbun Ƙasa da Rumbun Sama

Dattijon Ikilisiya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Gero ya shigo gida, dawa na hanya. Ga baitoci na buɗe fage, mai amsa ya amsa.

Gero ya shigo, an ɗaure dami,
Mai rumbu bai yi barci ba.
Yana ƙirga na bana da na bara,
Bai ƙirga kwanakinsa ba.
Luka sha biyu na da mai gona,
Da rumbunsa bai ishe shi ba.
Ya ce zai rushe ya gina manya,
Daren nan bai kai safiya ba.
Matiyu shida, aya sha tara:
Asu bai bar ajiyar ƙasa ba.
Tsatsa ta ci, ɓarawo ya fasa,
Ta sama ko ɗaya bai taɓa ba.

Manomin Sumaila:
Baba mun ji, sai dai a kula,
Kar rago ya sami wurin fakewa.
Wanda ya bar wakensa ga ƙwaro,
Ba imani ba ne, rashin kulawa.
Shanya shi sarai a kan tamfol,
Ka ciza ya ce ƙas, ya kai bushewa.
Sheƙe ƙaiƙayi, tsince tsakuwa,
Ita ke huda leda gun zubawa.
Buhun PICS riɓi uku gare shi,
Leda biyu ciki, buhu na rufewa.
Cika ledar da iska ka danna,
In tana huci, ba ta ajiyewa.
Matse iska, murɗe baki, lanƙwasa,
Kowace ɗaya da nata ɗaurewa.
Ɗora kan katako nesa da bango,
Ɓera ke jawo lalacewa.
Yusufu shekara bakwai ya tara,
Ɗaya cikin biyar yake cirewa.
Baba, a Farawa arba'in da ɗaya,
Wa ya ce imaninsa na raguwa?

Uwar Zumunta:
Madalla ɗana, bakinka ya sha zuma! Dattawa sun saba su yi mana wa'azin sama, tuwon dare kuma a bar mu da shi. Amma ku duka biyun kun tsallake awo.

Kun yi ta rumbu, kun bar kwano,
Rabo shi ake yi tun da fari.
Dami goma, ɗaya na Ubangiji,
Buhu kuma ga yadda ake tsari:
Tiya arba'in buhu yake ci,
Tiya huɗu ke nan kason ushiri.
Kar ka zaɓo mai tsakuwa ka kawo,
Malachi ya tsawata, ba da wasa ba, da ƙarfi.
Manyan zangarniya a rataye daban,
Yunwa ko ta kai ina, ba a cin iri.
Cin gida a ƙirga har sabon gero,
Agusta ce ke tona asiri.
Abin da ya saura shi ke zuwa kasuwa,
Kuɗin makaranta, magani, gishiri.

Ɗan Kwaya:
Mama ta gama magana, ko da yake "ƙarfi" ya fita daga layin "ri", mun yafe mata. Amma Baba, ranka ya daɗe, amsa-amon "ba" ai na arha ne. Kowane aiki ka kore shi sai ya miƙo maka "ba" kyauta. Sannan a duba: "Mai rumbu bai yi barci ba" gaɓa 8 ce, "Asu bai bar ajiyar ƙasa ba" gaɓa 10. Wannan ɗango ɗingishi yake yi.

Malamin Firamare:
Yaro, ba a auna rubutacciyar waƙar Hausa da ƙirgen gaɓa kamar ana ƙirga awaki. Nauyi ake dubawa, shi ne arulli, ilimin auna waƙa. Akwai gaɓa mai nauyi, irin su "bai", "bar", "rum", akwai marar nauyi, irin "a" ɗin ajiya da "ƙa" ɗin ƙasa. A baharin kamil da na mutadarak, wato ire-iren karin waƙa, marasa nauyi biyu kan zauna a gurbin mai nauyi ɗaya, kari bai karye ba. Kuma in arha ake nema, "wa" ɗin Manomi fa? Bushewa, zubawa, rufewa, ɗaurewa, duk daga buhu ɗaya aka ɗebo su. Shi ba ka gan shi ba don ɗan garinku ne.

Uwar Zumunta:
Malam, ka bar Manomi ya huta. Baitinsa ya ceci wake, naka arullin me ya taɓa ceta?

Ɗan Kwaya:
Malam ajiye alli da baharinka,
A sujada tulu ne alƙali.
In ɗango ya zarce bugu huɗu,
Kacau-kacau ma ya rasa dalili.
Mata na gabas, maza na yamma,
Mai ba da waƙa ya shiga wani hali.

Malamin Firamare:
Kai da ke jan "Amin" gaɓa shida,
Kai ne za ka koya mana awo?
Lahadi kana gaba da jar kwat,
Laraba ana addu'a kana yawo.
Muryarka ta kai rufin kwano,
Aya ɗaya ta hadda muke so ka kawo.

Mai Bishara:
Na shigo a makare, na tarar an bar sama an bar ƙasa, ana dambe a kan gaɓa. Tun da Malam ya taɓo hadda, bari a yi maganar karatu, don shi ke riƙe zuciya in ido ya cika da farashi. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne. Mai karanta 3 kullum, 5 ran Lahadi, zai sauke a shekara. Sabon Alkawari sura 260 ne: sura 5 a mako, mako 52, ya ƙare daidai, har da kwana biyu na cike giɓi a kowane mako. Ga gidan manomi wannan na biyun ya fi, domin na farkon da damina yake mutuwa.

Kafin fartanya ta hau kafaɗa,
A tara gida, yaro ya karanta.
Waƙa ɗaya, sura ɗaya, addu'a,
Minti sha biyar sun wadata.
In maigida ya ja ta awa guda,
Mako ba ya cika an watsar da ita.
Masu tashi daga Farawa da zafi,
A Littafin Firistoci sukan huta.
Fara da Markus, sha shida ce,
Sa Zabura ɗaya tana rakiyarta.
In kwana ya wuce, ɗora daga nan,
Kar ka ce sai Janairu za ka sabunta.
Kakar da ba ta yi boko ba,
A kunna mata a waya, kunne ya karanta.

Manomin Sumaila:
Mai Bishara, ka faɗi na safe,
Ba ka faɗi na ran kasuwa ba.
Wudil Juma'a ce, babu gardama,
Dambatta fa, ba Lahadi take ci ba?
Mai akuyar sayarwa ya yi yaya?
Wa'azinku bai san agogo ba.

Ga shi na ara "ba" ɗin Baba, Ɗan Kwaya ya zo ya ƙirga.

Mai Bishara:
Sujada tukuna, Kawu. Kasuwar ƙauye sai rana ta take tsaka take cika. Amma gaskiyarka a kan agogo, sanarwa ma kan cinye rabin awa.

Dattijon Ikilisiya:
Na bar ku kun sha iska. Manomi, ɗana, ban ce kar a tara ba. Laifin mai gonar Luka ba gina rumbu ba ne. Karanta daga aya 17 zuwa 19 ka ji: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Babu Allah a lissafin, babu maƙwabci. Kuma duk baitocinku na shekarar da aka samu ne. Shekarar da ba a samu ba fa? A 2022 ruwa ya shafe gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja, a can ledar PICS me za ta ɗaure?

Ran da ruwa ya cinye gona,
Habakuk uku bai yi shiru ba.
Ɓaure bai toho ba, garke ya watse,
Murnarsa da Allah ba ta ƙare ba.
Korintiyawa ta biyu, sura huɗu:
Wahalar nan ba mai daɗewa ce ba.
Abin da ido ke gani mai wucewa ne,
Madawwamin, ido bai gan shi ba.
Kar ka ci buhu a kan biyu da kaka,
Wannan bashi bai san tausayi ba.
Kar ka sai da gona tana tsaye kore,
Mai saye bai zo taimako ba.
Kar tsoro ya kai ka zauren boka,
Shi ma gonarsa ba ta tsira ba.

Maganin tun yanzu ake haɗa shi, wato rumbun ikilisiya. Ran godiyar kaka kowane gida ya zuba abin da ya iya, ko tiya biyu ce. A rubuta suna da awo a littafi, a karanta a gaban jama'a. Kwaɗo uku a ƙofa, makulli a hannun mutum uku, kada ɗayansu ya zama na gidan fasto, don a tsare masa mutunci. Ba a buɗewa sai Yuli. Mai ƙarfi ya ara ya mayar da awo ɗaya da kaka, ba ƙari. Gwauruwa da maraya kyauta ne. Maƙwabci Musulmi in yunwa ta kawo shi, a auna masa. Abin da ke kashe irin wannan rumbu biyu ne: aron da ba a rubuta ba, da ɗibar hatsin a yi hidimar babban taro da shi.

Uwar Zumunta:
Yanzu Baba ya sauko inda muke. Amma makulli ɗaya na Zumuntar Mata ne, littafin ma a hannunmu. In ba haka ba, ko rabin tiya ba ma zubawa.

Malamin Firamare:
Baba ya rufe bakin masu ƙirge. Ina Ɗan Kwaya? Shiru tun da aka ce hadda.

Ɗan Kwaya:
Malam ga hadda, buɗe kunne,
Yohanna sha ɗaya na ɗauko:
Talatin da biyar, Yesu ya yi kuka,
Kai ma kawo taka, in ba tsoro.

Malamin Firamare:
Duk faɗin Littafin, ayar da ba ta cika layi ɗaya ba ka lalubo. Kuma "ɗauko" da "tsoro" a wace unguwa suka zama amsa-amo?