Yaushe ya kamata in gaya wa kamfani cewa ina buƙatar su nema mini bizar aiki?

Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a Amurka da bizar ɗalibai ta F-1, kuma zan kammala a watan Mayu in Allah ya yarda. Wani kamfani ya gayyace ni ganawa karo na biyu, amma har yanzu ban taɓo musu maganar biza ba, saboda ina fargabar su ja da baya idan sun ji akwai ɗawainiya. Shin in yi shiru har su ba ni takardar ɗaukar aiki, ko kuwa in faɗa tun yanzu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki ɓoye, domin ranar da maganar ta fito daga baya, amanar da ke tsakaninku ce za ta fara lalacewa. Abin da ya fi shi ne ki je da bayaninki a shirye, tun da ba kowane mai ɗaukar ma'aikata ne ya san dokar ba. Ki nuna musu cewa izinin OPT, wato izinin aikin samun horo da ake bai wa masu bizar ɗalibai, yana ba ki damar aiki na wata 12 bayan kammala karatu, kuma ke za ki nema ta hannun makarantarki, ba su ba. Da yake fanninki na kimiyya da fasaha ne, kina iya samun ƙarin wata 24, muddin kamfanin yana cikin E-Verify, wato tsarin gwamnatin Amurka na tantance ko ma'aikaci yana da izinin aiki. Wanda ya ji cewa zai mori aikinki shekara uku yakan saurare ki da natsuwa.

Hauwa'u:
Ina tare da Malam. Bizar H-1B kuwa, wato bizar aiki ta ƙwararru, kamfani ne yake nema, ana rajista a watan Maris, kuma gurbi 65,000 ne a shekara, sai ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, wanda ke ma za ki shiga cikinsu. Ki tambaye su kai tsaye ko sun taɓa nema wa wani. Jami'o'i ba sa cikin wannan ƙayyadadden adadi, don haka kada ki raina ayyukansu.

Injiniya Musa:
Ni abin da ya same ni shi ne, shugaban sashenmu ya yi mini alkawari da baki cewa za su yi mini rajista, sai ya bar kamfanin, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai san da zancen ba, har Maris ya wuce ina ji ina gani. Hajiya, ki roƙi a rubuta alkawarin cikin takardar ɗaukar aiki, da shekarar da za su fara nema. Ki kuma riƙa ƙidaya kwanakin da kike zaune babu aiki, domin a OPT na farko ba a yarda su haura 90 ba.

Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarmu, sannan in tambayi kamfanin batun E-Verify kafin ranar ganawar.