Yaranku da ƙafa suke zuwa makaranta ko a Napep? A ba mu labari

Maman 'yan biyu, Rafindadi

Assalamu alaikum. Jama'ar Katsina, shawara nake nema wurin waɗanda suka gwada, ba waɗanda suka ji an ce ba. Mai Napep ɗin da ke kai mani yara makaranta ya sake ƙara kuɗi wannan zangon, sai maigidan ya ce a bar shi, su riƙa takawa tunda makarantar ba wani nisa gare ta ba. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. 'Yan biyun aji uku suke, yayarsu aji shida, kuma akwai babban titi guda da dole sai sun tsallaka. Duk wanda nasa ke zuwa da ƙafa, don Allah ya faɗa mani yadda abin yake, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Baban yara biyar, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam Hajiya. Mu ba ra'ayi ya sa muka fara ba, aljihu ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Na dubi albashi, na dubi yara biyar, na ce kowa ya ɗaura takalminsa. Da farko kam an sha kuka, musamman wurin autan. Amma ga abin da na gani, uwarsu ma shaida ce: yaron da a da sai an yi ta lallashi kafin ya ci tuwo, yanzu shi ke tambayar ko akwai ƙari. Da an yi Isha'i kuwa kowa ya zube, babu mai neman wayar uwarsa. Inda abin ya ci mani kuɗi shi ne takalmi. Mai arha ba ya ganin ƙarshen zango. Ki sai masu mai ƙwari tun farko, in ya tsinke a kai wa shumeka.

Malamar firamare, Daura

Bari in ba ki ta ɓangarenmu, mu da ke karɓarsu a ƙofar aji. Mutane na ɗauka yaron Napep ne ke riga kowa zuwa. Ba kullum ba. Mai Napep ɗaya yakan haɗa yaran gidaje da yawa, sai ya zagaye unguwa kafin ya cika, ga jiran wanda bai gama shan koko ba. Wanda aka fara ɗauka tun gari bai gama wayewa ba yake a matse, wannan a cinyar wancan, jaka a kan jaka, ya iso yana gyangyaɗi an riga an shiga aji. Na ƙafa kuwa jini ya motsa, ido tar, in na yi tambaya a darasin farko hannunsa ne a sama.

Sai dai kada in yi masu ado da yawa. Akwai 'yan ƙafar da ba ma ganinsu sai ƙarfe tara. Lokacin mangwaro ko magarya, duk bishiyar da ke hanya sai an tsaya an gaishe ta da jifa. Ina da wani ɗalibi da ke biyowa ta wajen rijiyar Kusugu, in ya tarar baƙi sun zo kallo sai shi ma ya tsaya ya zama baƙo. Iyaye su san lokacin da yaro ya bar gida, su riƙa tambayarmu lokacin da ya iso, a nan ake kama su.

Wata uwa, Layout

Ni dai ku yi haƙuri, ba zan bi ku ba. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300, ban ƙara samun natsuwa ba in yarona na waje. Na sani, waccan makarantar kwana ce, kuma da dare aka yi, ba irin tamu ta cikin birni ba. Amma zuciyar uwa ba ta jin wannan lissafin. Ga shi makarantar tamu tana can gaba da Ƙofar Ƙaura, ɗan shekara bakwai ba zai iya wannan tafiya cikin motoci ba. Wanda makaranta ke bayan gidansa ya daina yi wa irinmu kallon masu shagwaɓa yara.

Baban yara biyar, Ƙofar Marusa

Gaskiyarki Hajiya, nisa ma hujja ce. Wani maƙwabcina yakan sauke nasa a bakin wani layi marar hayaniya, su ƙarasa da ƙafa tare da 'yan ajinsu.

Mai Napep, Sabuwar Unguwa

Na ga dai sana'ata ake son kashewa a nan, amma zan faɗi gaskiya don ni ma uba ne. Tun asuba nake kan titi, ina ganin abin da ba ku gani. Tafiyar ba ita ce haɗarin ba, tsallakawa ce. Abin da ya fi tsinka mani zuciya shi ne yaron da ke fitowa a guje daga bayan mota ko Napep da ke tsaye. Mai tahowa ba ya ganinsa sai ya riga ya shigo. Ku koya masu su matsa inda babu abin da ya kare su, su tsaya cak, su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu. Ko a titin da aka raba biyu su duba ko'ina, don 'yan acaɓa da wasu 'yan uwanmu na bin hannun da ba nasu ba, Allah ya shirye mu. Inda ba a yi wa masu ƙafa hanya ba, su bi ta hagu suna fuskantar motar da ke tahowa. Tun 1972 ta dama ake tuƙi a ƙasar nan, wanda ya bi dama ya ba mota baya ke nan. Hajiya, kwanakin farko ke ko babansu wani ya raka su, a nuna masu wurin tsallakawa guda ɗaya tak, kuma yayar ta riƙe hannuwansu, ba jakarsu ba.

Maman 'yan biyu, Rafindadi

Allah ya biya ka Malam. To dawowa fa? Tsakar rana suke tashi, kun kuwa san ranar Katsina.

Ma'aikaciyar jinya, cikin gari

'Yar uwa, wannan ita ce tambayar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, a lokacin ba na wasa da goran ruwa. Kowane yaro da nasa, kuma ki gaya masu su rage na hanya, kada su shanye tun lokacin tara. Nawa na sa su bi hanyar da ta ɗan fi tsawo saboda ita ke da darbejiya jere. In yaro ya dawo yana kukan ciwon kai, fitsarinsa ya yi ja, ruwa ne ya yi masa kaɗan. A watannin nan ba laifi su tafi da ƙafa da safe, a ɗauko su da rana, kuɗin ma ya ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki har numfashi ya ɗan ɗaga. Minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, ga Islamiyya bayan La'asar, kin ga ya kusa cikawa ba tare da an saya masa komai ba. Kuma likitocin ido sun tabbatar cewa yaron da ke daɗewa a hasken waje bai cika kamuwa da matsalar rashin gani daga nesa ba, irin wadda ke sa a ba ƙaramin yaro gilashi. Amma a kula da masu sikila da masu asma. Mai sikila ƙishi da sanyi duk suna tayar masa da ciwo, mai asma kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa. Waɗannan sai an ji ta bakin likitansu tukuna.

Uwar ayari, Ƙofar Sauri

Sunan da 'yan layinmu suka sa mani ke nan, ga dalili. Da na ga tsoro zai hana mu sakat, sai na shiga gida gida na yi wa maƙwabta magana. Yanzu duk yaran layin a ƙofar gidana suke haɗuwa da safe, a ƙirga su, manyan 'yan mata biyu ɗaya a gaba ɗaya a baya, ƙanana a tsakiya. Wanda ba zai je ba ranar, uwarsa ta aiko tun da wuri don kada a tsaya jiransa. Maigidana ya je ya gaisa da mai shayin kwana da wani tela da ke kusa da makarantar, ya ce ga yaranmu nan, a sa ido. Wallahi ranar da wani ya tsaya kallon faɗa, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Kuma tunda suka zama ayari, samarin da ke zaman bakin hanya suka daina yi wa manyan 'yan matan magana.

Dokarmu biyu ce ba a sassautawa. Ba a shiga motar kowa ko hawa babur ɗin kowa, ko da ya ce Baba ne ya aiko shi. Da damina kuma in an yi ruwa mai ƙarfi, ba mai matsawa kusa da kwalbati ko magudanar ruwa, su fake a makaranta har ya janye. Yaro yana ganin ruwa na gudu sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi.

Dattijo mai fansho, Ƙofar Guga

'Ya'yana, kuna ta maganar zuwa makaranta, ni abin da ke damuna bayan an taso ne. Mu a zamaninmu tafiyar makaranta ba ma lissafa ta cikin motsa jiki. Da yamma muna bakin ganuwa, ana langa, ana kokawa, ana tura gare, in wata ya yi haske 'yan mata na gaɗa a dandali har sai an kira su. To ina dandalin yake yanzu? Filin da muka yi ƙwallo a ciki an yanka shi fuloti, an jera shaguna. Ganuwar ma an ci ta saura kaɗan. Jikokina in sun fito da ƙwallo a tsakiyar layi suke bugawa, kowane minti sai an ɗauke ta don babur ya wuce. Na yi wa mai unguwarmu magana a roƙi makarantar gwamnati da ke kusa ta riƙa barin yara su shiga filinta da yamma, wani babba na zaune yana kallo. Ni na ce zan zauna, ai ba abin da nake yi bayan La'asar sai sauraren rediyo.

Malamar firamare, Daura

Baba, in an samu filin a tuna da 'yan mata. Maza ko ba a ba su wuri ba sai sun nema, amma yarinya tana kai aji huɗu sai a ce ta girma, daga wanke-wanke sai rainon ƙane. Ni igiya na saya wa nawa, irin ta shanya, na yanka masu daidai tsawonsu. Tsakar gidan ba shi da faɗi, sai an ture turmi da murhu gefe, amma yanzu har 'ya'yan maƙwabta na shigowa ana layi ana ƙirga tsalle, ni uwarsu ma in na ga ba maza a gidan sai in karɓa.