Dan Allah a ba ni shawara: aikin bakin teku ko zaman kwamfuta?

Yar_Aji3: Salam 'yan'uwa. Ina aji uku a kimiyyar teku, na samu gurbin horon aiki guda biyu a dogon hutun nan kuma ranar Juma'a ake jiran amsata. Na farko sati 10 ne a wata tashar bincike daidai inda kogi yake shiga teku, fita a kwalekwale mai inji ana ɗebo ruwa da laka, akwai ɗan alawus amma ba masauki. Na biyu sati 8 a lab gaban kwamfuta ana tace bayanan Argo (na'urorin da ke yawo cikin teku suna auna zafi da gishirin ruwa), masauki kyauta, ba alawus, sai dai malamin ya ce in aikin ya yi kyau sunana zai fito a takardar da za su wallafa. Matsalar ban iya ruwa ba, ko jirgin ruwa ban taɓa shiga ba. Wanne zai fi min amfani wajen neman mastas?

BabanData: Ki nemi REU, shirin horon bincike na ɗaliban digirin farko na Amurka, kawai, su ma sati 10 ne kuma suna biya da kyau.

Anti_Kaguwa: Malam ka karanta tambayar kuwa? Ta ce Juma'a. Kuma REU ɗin da NSF, hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka, ke ɗaukar nauyi sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, yawancinsu ma tun wajen Fabrairu suke rufewa. Ƙanwata rashin iya ruwa ba shi ne matsala ba, ba wanda zai bar ki ki taka kwalekwale ba rigar ceto a jikinki. Abin tsoron jiri da amai ne. Ni kwana ukun farko kaina na waje ina ciyar da kifi, daga baya jiki ya saba. Ki dinga kallon can inda sama ta haɗu da ruwa, kar ki sunkuya kan waya, kuma ki sha maganin tun kafin a tashi, in amai ya fara ya riga ya makara.

Kwalekwale: Ciyar da kifi hhhh to ai Anti kin taimaki muhalli, a rubuta miki a satifiket.

MaiTabo: Ki gudu daga na farkon nan wlh. Ni na yi irinsa, sati tara. Babu wanda ya faɗa min ba agogo ne ke tsara aikin ba, teku ce. Lokacin janyewar ruwa kullum ƙara jinkiri yake da kusan minti 50, yau ƙarfe biyar na asuba gobe kusan shida, bayan sati kuma tsakar rana kana tsaye cikin laka har gwiwa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka buga bututu ka zaro laka ka toshe ka ɗauko a kafaɗa, in ka yi nawa ruwa ya dawo ya tare maka hanya. Ka dawo a gajiye kuma ba hutu, sai ka tace ruwan da aka ɗebo a ranar saboda kulorofil, koren sinadarin tsirran ruwa da ake aunawa, ba ya jira, a ɗaki mara haske sosai, ka naɗe takardar tacewar ka jefa firiza. Duk na jure. A sati na takwas wani ya bar ƙofar firizar ba ta rufu ba tun Juma'a har Litinin, samfur ɗinmu duk ya narke. Wa aka ɗora wa? Ni, don ni ne ƙarami. Alhali makullin ɗakin ma ba ni da shi.

Dr_Gishiri: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, amma firizar da ta lalata maka aiki ba hujja ba ce a kan fita teku. Ni ina duba takardun masu neman mastas, ɗalibin da ya taɓa saukar da CTD, na'urar auna gishiri da zafi da zurfin ruwa, da hannunsa ya ga yadda gishiri da zafin ruwa ke canzawa da zurfi, ya rufe kwalbar Niskin ta ɗebo ruwa daga zurfi, ya san dalilin da ya sa lamba ɗaya take fita daban a tebur, ba ya kama da wanda aka miƙa wa fayil. Kuma 'yata ki lura, na'urorin Argo kusan 4,000 ne, suna nitsewa har mita 2,000 su taso duk kwana 10, wato aikin tsakiyar teku ne. In ruwan gaɓa kike son karanta ba can za ki same shi ba.

BabanData: Da girmamawa Dakta, yaushe rabonka da shiga laka? Yanzu kowane lab tambayar farko ka iya koda, wato rubuta shirin kwamfuta da Python ko R. Saukar da farin faifan Secchi na auna garau ɗin ruwa har ya ɓace ka auna igiya, yaro ma zai koya a wuni guda. Koda kuma fa wata takwas ba ta isa.

Dr_Gishiri: Mai kodar da bai san gishirin teku kusan giram 35 ne a kilo ɗaya na ruwa ba, zai ga 53 ya wuce abinsa. Na gani da idona.

Anti_Kaguwa: Ku bar wannan, maganar kuɗi za ta duba. Ni alawus ɗina ya biya haya har na yi saura, mu huɗu muka haɗa ɗaki, takalmin roba da rigar ruwan sama duk tashar ce ta ba mu.

MaiTabo: Wace tasha ce wannan Anti, ta aljanna? Ni kashi uku cikin huɗu haya ta cinye, don lokacin hutu masu yawon shaƙatawa sun cika garuruwan gaɓa ɗaki ya yi tsada. Takalmi da kuɗina na saya, ƙafa ɗaya ma tana can cikin laka har yau. Alawus ɗin kuma sai a sati na shida aka fara biya.

Kwalekwale: Nan da shekara dubu wani ɗalibin zai zaro takalminka a bututu ya samu digiri da shi.

Shiru_Shiru: Ni ba a ba ni ko sisi ba, ni ce ma na biya kuɗin inshora da na gwajin lafiya kafin su yarda in hau jirgi. Ki tambaye su a rubuce wa zai biya wannan.

MaiTabo: Kuma ban gama ba. Shekara biyu bayan nan takarda ta fito, na buɗe na ga teburin gishiri da iskar oksijin da ni na auna kowace safiya, su ne firiza ba ta shafa ba tunda a littafi suke. Sunana babu, ko a wajen godiya. Na tura wa sufabaiza saƙo sau biyu, shiru kake ji. Don haka wannan "in aikin ya yi kyau" da aka ce miki, wa zai yanke ya yi kyau ɗin? Shi ne fa.

Yar_Aji3: To yaya MaiTabo yanzu na rikice, ka ce in guji na farko, yanzu kuma na biyun kake sara.

Dr_Gishiri: Ɗebo samfur kaɗai ba ya sa mutum cikin marubuta a yawancin mujallu, sai ya sa hannu a nazari ko rubutu. Amma godiya hakkinsa ce, a nan an zalunce shi.

Shiru_Shiru: Dakta wa ya hana shi sa hannu a rubutun? Ai ba a gayyatarmu. Hutu na ƙarewa an manta da kai, sai ranar da kake neman wasiƙar shaida ka yi ta bin mutum wata biyu kamar kana bin bashi. Ni tawa ranar da aka rufe karɓa ya turo, ya kuma rubuta sunana ba daidai ba.

BabanData: Tawa ma ce min aka yi in rubuta da kaina ya sa hannu. Wannan halal ne Dakta ko yaya?

Anti_Kaguwa: Kai ka ma samu. Wa ya san yadda ake tuna wa malami wasiƙa karo na uku ba tare da ya ji haushi ba? Ina da guda a wuyana yanzu haka, saura kwana tara.