Me za mu kira na'urar da ke ciro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum. Malamanmu na harshe da likitocin da ke nan, cigiya na kawo muku. Suna nake nema wa wata na'urar asibiti da Hausa, kuma sai na ba ku labarin abin da ya same ni kafin ku ga dalilin da ya sa na ƙi haƙura da sunanta na Turanci.

Bara kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Alƙahira ganin likitan ido. Da yake ina karatu a can, a wurina suka sauka shi da matarsa. Rana ta huɗu da zuwansu, muna shan shayi bayan asuba, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya sarƙe, gefen bakinsa ya karkace. Ba a yi awa ɗaya ba muna asibiti. Aka ɗauki hoton kansa, likita ya ja ni gefe ya ce gudan jini ne ya toshe wata babbar jijiya a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, suna so su ciro shi yanzu-yanzu, amma sai matarsa ta sa hannu. Ya ambaci sunan aikin, thrombectomy, ya ambaci catheter da stent retriever. Na juya wurin Inna, matar tasa, babu ko ɗaya daga cikin ukun a bakina da Hausa, sai na ce mata, "Inna, tiyatar ƙwaƙwalwa za a yi masa."

Ta dafe ƙirji ta ce ba mai fasa kan mijinta sai yayansa ya sani. Aka shiga neman layin gida, wayar Baba babba a kashe, aka kira maƙwabci ya je ya buga masa ƙofa. Minti 40 muka yi a tsaye a barandar nan. Ban ga laifin Inna ba ko kaɗan, abin da na faɗa mata ta ji. Ni ne na ba ta kalmar da ba ta dace ba, domin a wannan aiki ba a taɓa ƙoƙon kai, ko gashi ba a askewa.

Ga yadda ake yi. A gindin cinya ake huda jijiyar jini, wani lokaci a wuyan hannu, hudar da ba ta wuce ƙwayar wake ba. A zura siririn tiyo ya bi babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, ya haura wuya, likita yana bin sa da ido a allon hoto. Cikinsa a zura wani da ya fi shi siranta, ya kutsa jijiyar ƙwaƙwalwa wadda faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, har ya ratsa gudan jinin. A cikin wannan ƙaramin tiyon akwai 'yar raga a naɗe, saƙar wani ƙarfe da ake kira nitinol, wanda ko an matse shi sai ya koma siffarsa ta asali. Da an ja tiyon baya sai ragar ta buɗe a tsakiyar gudan, ta sarƙe shi. A dakata 'yan mintuna, sannan a jawo su tare a hankali. Wata hanyar kuma babu raga: a kai bakin tiyo ya manne da gudan, a zuƙo shi. Sau da yawa ana haɗa biyun.

Da aka gama, likitan ya fito da abin a kan farin bandeji ya nuna mana. Baƙi-baƙi ne, ja-ja, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa biyu a jere ba. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya kayar da Alhaji?"

Wani likitan jijiyoyi a Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Na sha ninka wannan adadi da minti 40 ɗin nan cikin dare. Kawu yana tafiya yanzu, da sanda, maganarsa ta dawo, amma har yau sai an ɓalla masa maɓallin riga. Don haka sharaɗina ɗaya ne: kalmar da za a faɗa wa mace kamar Inna a baranda, ta ga hoton abin a ranta nan take, ba ta firgita ba kuma ba a yaudare ta ba. Bismillah, ina sauraronku.

*

Na gode, ban zaci amsoshi za su yi yawa haka ba. Bari in fara da abin da ba a yi gardama a kansa ba. Ciwon dai shanyewar ɓarin jiki ne, kowa ya san shi da haka. Abin da ya toshe kuma gudan jini, ba daskararren jini ba, don duk wanda ya zauna wurin tafsiri ya ji "gudan jini" a fassarar Suratul Alaƙ, kalmar ba baƙuwa ba ce a kunne. Likita, na karɓi gyaranka cewa a riƙa cewa jijiyar jini a cike, tunda jijiya a Hausa ta haɗa da ta agara da ta laka. Na kuma karɓi jan kunnenka, kuma zan maimaita shi: shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Wajen kashi 85 cikin 100 toshewa ce, sauran fashewar jijiya ce, jini ya malala a cikin kai. Wannan na'ura ta toshewa ce kaɗai, ita ma sai toshewar babbar jijiya, kuma hoton asibiti ne kawai ke bambance su. Shi ya sa dole "gudan jini" ya zauna a cikin sunan.

Kan catheter, Anti ma'aikaciyar jinya ta ce a tsakaninsu kateta suke cewa, majinyata kuma roba. Gaskiya ne, amma duk wanda ya yi jinyar tsoho, da ya ji an ce za a sa roba, robar fitsari ce za ta faɗo masa. Na fi son tiyon jijiya. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya tuna mana cewa ita ma tiyo aro ce daga Faransanci, ta zauna har mun manta baƙuwa ce. Ke nan ba aro nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne kalmar da sai an yi mata minti biyar na bayani.

Yanzu ga inda aka sha bamban, sunan abin da ke ciro gudan.

Baba, Allah ya ƙara girma, ƙugiyarka ta daɗe a raina. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da rijiya ya san ranar da guga ya tsinke, a aika yaro gidan maƙwabta aron ƙugiya, a zura ta a yi ta lalube har ta kamo. Hoton ya yi kusa ƙwarai: abu a can ƙasa, hannu ba ya kai wa, a zura a jawo. Abu biyu suka hana ni ɗauka. Na farko, na gwada faɗin "za a sa masa ƙugiya a ƙwaƙwalwa" da ƙarfi, sai na ji tsigar jikina ta tashi, to ina ga matar majinyaci. Na biyu ya fi nauyi: na'urar ta sauya siffa har sau uku cikin shekaru ƙalilan. Ta farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004, MERCI, waya ce murɗaɗɗiya kamar sifirin, da ita ƙugiya za ta dace. Bayanta aka fito da ta zuƙa. A 2012 masu raga suka samu amincewa, Solitaire da Trevo, kuma da irinsu aka yi mafi yawan aikin a gwajin MR CLEAN na Holan, mai majinyata 500, wanda aka buga a 2015. Shi da wasu gwaje-gwaje huɗu na wannan shekarar ne suka tabbatar wa duniya cewa cirowar ta fi amfani a kan a dogara da allurar narkar da jini ita kaɗai. Idan muka raɗa suna bisa siffa, gobe siffar ta sauya, sunan ya tsufa. Wannan hujjar ce kuma ta kayar da raga, da koma, da homa da 'yan'uwanmu na Argungu suka kawo. Sunan ya bi aikin.

Sai na koma ga ƙirar da Hausa ke yi wa kayan aiki, irin su mabuɗi, magogi, masassabi. Abin mamaki, ƙofofi uku na farko da na ƙwanƙwasa duk da masu gida a ciki. Daga zaro, mazari ya riga mu, na kaɗi. Daga janyo, majanyi na bayan mai goyo. Daga kamo, makami. Maciri ya rage, kuma ba laifi, sai dai cire ta yi faɗi: ana cire haƙori, ana cire ƙafa, ba ta gaya wa mai ji ko za a yanka ko ba za a yanka ba, alhali nan ne ciwon yake.

Mayashi, daga yasar rijiya, ta samu magoya baya da yawa. Yasa aiki ne na laka da ta taru shekara da shekaru, ana yin sa a natse lokacin rani. Namu kuwa abu ɗaya ne da ya faɗo ya toshe hanya, kuma gaggawa ce ransa. Ga shi "an yashe shi" tana da wata ma'anar da ba ma so a gaban gadon asibiti.

Wanda ya ce a kira ta zuƙar "ƙahon asibiti", Yaya, don Allah ka janye. Na san kyakkyawar niyya ce, kana so a kusanto da abin ga fahimtar mutane. Amma ranar da aka ji cewa Turawa ma ƙaho suke yi wa shanyewar ɓarin jiki, wanzami za a fara kira kafin a nemi mota. Ƙaho jinin fata yake tsotsa, ba shi da hanyar kai wa ga jijiyar da ke cikin ƙoƙon kai. Allurar narkarwa awa 4 da rabi ne wa'adinta, cirowa kuma ta fi amfani a awa 6 na farko. Gwajin DAWN na 2018 ya nuna wasu zaɓaɓɓun majinyata kan amfana har zuwa awa 24, amma sai waɗanda hoto ya nuna da sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta. Duk sunan da zai sa a tsaya a gida, ko na rabin awa ne, ba na so.

*

Malam, Allah ya gafarta maka, kai ka warware mana. Da ka rubuta "zaƙulo" sai na ajiye wayar na tuna asusun ƙasa da Inna ta saya mini ina yaro. In ina son sule biyar ba na son a gane, sai in kifa shi, in zura tsinken tsintsiya ta 'yar tsagar nan, in yi ta dabara har kwabon ya faɗo, asusu kuma lafiya lau. Zaƙulo ke nan: abu a lungu, ƙofa ƙarama, a bi da siririn abu a fito da shi ba a fasa mazubin ba. Babu wuƙa a cikin kalmar, kuma bai dame ta ba ko raga ce, ko zuƙa, ko wata dabarar da za a ƙirƙiro nan gaba.

Ga inda na tsaya, in kun amince. Aikin, zaƙulo gudan jini. Na'urar, mazaƙulin gudan jini, jam'i mazaƙulai. In ana son bambancewa a ce mazaƙuli mai raga ko mazaƙuli mai zuƙa, hanyarsa kuma tiyon jijiya. Malam ya ƙara da cewa a furta shi da karin sama tun daga farko har ƙarshe, kamar mabuɗi, don in aka yi masa karin maɗinki ya koma sunan mutumin da ke yin aikin. Masu karanta labarai a rediyo su lura da wannan. Wani ya ce sunan ya yi tsawo. Na yarda, amma baki zai gajarta shi da kansa in ya saba, kamar yadda babu mai cewa jirgin sama a filin jirgi.

Akwai wanda ya tambaya, cikin gaskiya, amfanin raɗa wa na'urar suna alhali yawancin mutanenmu ko hoton kai ba sa samu a kan lokaci. Tambayar ta yi mini zafi don na san haka ne. Sai dai alhazanmu suna kwanciya a asibitocin Makka da Madina kowace shekara, majinyatanmu suna Alƙahira da Indiya, kuma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai ɗalibi ko ɗan rakiya da za a tura gaba ya yi tafinta ba shiri, kamar yadda aka tura ni.

Ɗazu na kira Inna na gwada kalmar a kanta, ban gaya mata dalili ba. Na ce, "Inna, da a ce ranar nan na ce miki za a bi ta jijiyar cinya da siririn tiyo a zaƙulo gudan jinin, ba za a taɓa kansa ba, me za ki ce?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce, "Ai da na ce su yi sauri."